Tun da aka zuba mana kwalta ake kaɗe mana yara: mene ne mafita?

"Assalamu alaikum, Injiniya. Ni mazaunin wata unguwa ne a Kano, kuma ni ne sakataren ƙungiyar unguwarmu. Shekara da shekaru muna roƙon a gyara mana titi, bara Allah ya yi aka zuba kwalta. To tun daga nan ba mu huta ba. An kaɗe yara biyu a bakin Islamiyya, ɗaya har yanzu yana kwance da karaya a cinya, sannan tifa ta take wani dattijo a kan kekensa bayan magariba, ya rasu. Matasa sun ce za su sayo siminti su yi tudu da kansu, dattawa sun ce a kafa allo a rubuta 'A rage gudu'. Ni kuma ɗana mai shekara 13 da keke yake zuwa makaranta, mahaifiyarsa ta ce in karɓe keken. Don Allah mene ne zai yi aiki?"

Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Allah ya jiƙan dattijon da rahama, ya ba iyalansa haƙurin rashi. Yaron da ke kwance kuma Allah ya tashi kafaɗunsa.

Abin da ka bayyana na gan shi da idona a unguwanni da dama cikin shekarun da na yi ina aikin zana tituna da duba su. In na fahimce ka, abu uku kake son sani: me ya sa titin da kuka daɗe kuna roƙo ya dawo yana cin mutane, tsakanin tudun matasa da allon dattawa wanne ne magani, sannan yaronka ya ci gaba da hawa keke ko a'a. Ban taka titinku ba, don haka zan ɗauke shi a irin titin cikin unguwa, ana tafiya ana dawowa babu shinge a tsakiya, gidaje da shaguna dama da hagu, kwata a buɗe. In babbar hanya ce irin titin Zariya ko titin Katsina maganar ta bambanta, zan taɓo ta a gaba.

Abin da kwaltar ta canza

Ramukan nan da kuka yi shekaru kuna kuka da su, su ne suke riƙe muku motoci. Da can direba yana lallaɓawa ne don tausayin ƙafar motarsa. Ranar da aka cike ramukan aka shimfiɗa kwalta, direbobi ba su sake hali ba, yaranku ma ba su ƙara ƙiriniya ba. Gudu ne ya canza. Motar da ke wucewa da kilomita 20 ko 25 a awa yanzu 60 take yi. Kuma da zarar titi ya yi kyau labari ya bazu, masu gudun cunkoson babbar hanya sai su mayar da shi yanke, mutanen da ba 'yan unguwa ba, ba su san inda Islamiyya take ba balle lokacin tashinta.

Ina so ka riƙe wannan lissafin, don shi za ka shimfiɗa wa duk wanda ya yi maka gardama. Direba mai hankali, idonsa a kan hanya, yana ɗaukar kamar sakan ɗaya daga ganin yaro zuwa taka birki. A gudun 30, cikin wannan sakan motar ta ci mita 8, birki ya ci wasu kamar 5, ta tsaya cak a wajen mita 13. A gudun 50 kuwa, a sakan ɗin nan kaɗai ta ci mita 14 kafin ƙafar direba ta taɓa birki, kuma ba za ta tsaya ba sai ta kusa mita 28. Ka ga ke nan yaron da ya faɗo titi mita 13 a gaban mota, in 30 take yi sai dai ya razana ya ruga gida yana kuka, in kuwa 50 take yi da cikakken gudunta za ta same shi. Kuma wannan lissafin na busasshen titi ne da taya mai kyau da direban da ba ya latsa waya. Ka sa yashin da iska ke tarawa a gefen kwalta, ka sa suɗaɗɗiyar taya, ka sa tifa ɗauke da lodin yashi, tazarar sai ta ƙaru.

Ƙarfin bugun ma ninkuwa yake yi. In gudu ya ninka biyu, bugu ya ninka huɗu. Bugun mota mai gudun 30 kamar faɗowa ne daga tsayin mita uku da rabi, wato daga rufin ɗaki. Ana karyewa, amma mafi yawa suna tashi. A 50 kamar faɗowa ne daga mita 10, saman bene mai hawa uku. A 60 ya haura mita 14. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin mutuwar wanda mota ta buge yana ninkuwa sau huɗu da rabi daga gudun 50 zuwa 65. A rahotonta na 2023 ta ƙiyasta mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a kan tituna duk shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur, kuma hatsarin titi shi ne kan gaba wajen kashe 'yan shekara 5 zuwa 29. Afirka, wadda ta fi kowa ƙarancin motoci, ita ce ta fi kowa yawan mace-macen in an auna da yawan jama'a.

A zaman makoki za ka ji ana cewa kwana ne ya ƙare, kuma haka ne, babu mai wuce ranarsa. Sai dai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa ya yi wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah. Na faɗi wannan ne don na san za ka gamu da masu cewa a bar zancen, ƙaddara ce.

Allo

Allo ba laifi ba ne, amma kada ku ɗora masa rai. Direba titi yake karantawa, shi ne ke gaya masa gudun da zai yi. Titi mai faɗi, miƙaƙƙe, sumul, yana cewa "taka", kuma ko mutumin kirki, wanda zai yi kuka in ya kaɗe yaro, ƙafarsa za ta bi abin da idonsa ya gani ba tare da ya lura ba. Titi mai matsi, mai 'yar kwana, mai bishiyoyi da turaku a gefe, shi kuma yana sa a ɗaga ƙafa ko babu ɗan sanda.

Wannan darasin da tsada na koye shi. A farkon aikina na sa hannu a zanen wani titin unguwa da muka ba shi faɗin babbar hanya, mita 7.3 na kwalta da fili a kowane gefe, miƙaƙƙe kamar an ja zare, ba mu ware wa mai tafiya a ƙasa ko taku ɗaya ba. A takarda ya cika duk ƙa'idar da aka koya mana. Bayan an buɗe shi na je na tsaya a bakin wata firamare lokacin tashi, na ga yara sun yi cirko-cirko suna leƙe, sai ɗaya ya ruga, sauran su bi shi ba tare da sun duba ba. Na daɗe a wurin. Tun ranar ban ƙara sa hannu a zanen titin unguwa ba sai na je na tsaya da safe, da azahar, da kuma magariba.

Ƙa'idar hanya ta Najeriya ta sa iyakar gudu a cikin gari kilomita 50. Ga titin da yara ke tsallakawa zuwa Islamiyya, 50 ya yi yawa, ka ga lissafin da kanka. Shi ya sa taron ministocin duniya kan kiyaye haɗurra da aka yi a Sitokhom ta ƙasar Suwidin a Fabrairun 2020 ya yi kira da a mayar da iyakar 30 a duk inda motoci ke cakuɗuwa da masu tafiya a ƙasa da masu keke. Mutane kan ce ai wannan sai Turawa. To su ma ba da shi aka haife su ba. A Holan, wadda yanzu ake misali da ita wajen hawa keke, mutum sama da 3,000 ne suka mutu a kan titi a 1971, fiye da 400 daga cikinsu yara. Iyaye ne suka fito suka tare tituna da taken "A daina kisan yara", suka matsa har aka fara sake fasalin titunan unguwanni. Da siminti da dutse suka gyara abin, wa'azi ya biyo baya.

Tudun matasa

Matasanku sun fi kusa da gaskiya, domin sun gane cewa sai an taɓa titin. Inda nake jin tsoro shi ne irin tudun da za su yi. Na san shi: a jera bulo ko a kwantar da gungumen itace, a lafta siminti, ya fito siriri mai tsini kamar kunyar dankali, babu fenti, babu sanarwa. Irin wannan garin neman gira ake rasa ido. Mai babur da ya taho da dare bai san da shi ba shi ne zai fara tashi sama, da matarsa da jaririnta a baya. Mai keke ma haka. Motar da ta ɗauko mai naƙuda sai ta tsaya cak. Direbobi kuma suna koyon sa da wuri: su taka birki a kansa, su huce haushinsu a tsakanin tudu da tudu. Mafi muni, 'yan adaidaita da masu babur sai su riƙa kauce masa ta gefe, su sauka daidai inda mutane ke tafiya. Sannan in wani ya mutu a kan tudun da kuka yi ba da izini ba, ku za a nema.

Tudun da aka yi bisa ƙa'ida ba shi da tsini. Tsayinsa santimita 7 da rabi zuwa 10 ne kawai, bai kai tsawon tafin hannu ba, amma shimfiɗarsa ta kai kusan mita 3.7, mota tana hawa a hankali ta sauka a hankali. A gudun 25 ko 30 ba ka jin komai, in ka wuce haka ta jijjiga ka. Ana yi masa fenti fari ko rawaya, a kafa allo kafin a iso shi (a nan ne allon dattawa yake da amfani), a sa shi inda fitila ke haskawa. Ɗaya ba ya isa. Ana jera su da tazarar kamar mita 60 zuwa 100 don kada direba ya samu filin sake ɗaukar gudu. A bar wa ruwa hanya a bakinsa don kada damina ta mayar da wurin tafki, a kuma kafa turakun ƙarfe ko na kankare a gefe don toshe hanyar kaucewa.

A bakin Islamiyya kuwa abin da na fi so shi ne tudu mai shimfiɗaɗɗen kai, a zana layukan tsallakawa a samansa. Amfaninsa biyu: dole mota ta rage gudu daidai inda yara ke ƙetarewa, kuma yaron ya ɗan ƙara tsawo a idon direba. Zanen tsallakawa shi kaɗai a kan titin da ake gudun 60, ni ba na ba da shawararsa. Yana sa yaro ya saki jiki alhali babu mai tsaya masa.

Ba Turai kaɗai aka gwada waɗannan ba. A Gana, a mahaɗar Suhum da ke kan hanyar Akara zuwa Kumasi, an shimfiɗa jerin ƙananan tuddai masu jijjiga mota, haɗurra suka ragu da kusan kashi 35 cikin 100, mace-mace da kusan kashi 55. A Darussalam ta Tanzaniya wata ƙungiya mai suna Amend ta riƙa bin makarantun da aka fi kaɗe yara tana yin ƙananan gyare-gyare, tuddai da hanyar ƙafa da turaku da sauya ƙofar makaranta, binciken da aka yi ya nuna raunukan yara sun ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu.

In kuwa titinku babbar hanya ce mai hannu biyu da tireloli ke bi, kada ku kusanci zancen tudu da kanku sam. Can abin nema shi ne dandamali a tsakiya inda mai tsallakawa zai tsaya ya huta, ya ƙetare rabi-rabi, da danja, da jami'i a lokutan cunkoso. Gadar sama ta masu ƙafa tana da wurinta, amma tsohuwa mai ciwon gwiwa da mai kurar ruwa da mai keke ba sa hawanta, ta ƙasa za su bi.

Gefen titi, ƙofar makaranta, da magariba

Ka fita gobe ka duba inda mutanenku ke taka ƙafa. Na tabbata a kan kwalta suke tafiya, domin gefen ko kwata ce a buɗe, ko mai shago ya fito da rumfa, ko mai faci ya baza kaya, ko an tara yashin gini, ko an yi fakin. Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano a farkon 2013 adaidaita ta zama ƙafar kowa, kuma ita duk inda aka ɗaga mata hannu nan ne tasharta. Wannan ɓangaren yana hannunku fiye da kowane. Rufe kwata da silaf mai ƙwari yana ba ku hanyar ƙafa ba tare da an rushe katangar kowa ba. Ja da rumfa baya kuma aikin mai unguwa ne da liman da haƙuri, don abincin mutane ne, ba a yin sa da tsawa.

Abin da ke kashe yara a bakin makaranta sau da yawa abin hawan da ke tsaye ne. Yaro ɗan shekara shida bai kai tsayin adaidaita ba. In ya fito ta bayanta, shi bai ga mota ba, direba bai gan shi ba, sai sun haɗu. Ku hana tsayawa da fakin da kasa kaya mita 15 zuwa 20 dama da hagun ƙofar, ku sa turaku ko manyan duwatsu masu fenti don hanin ya tabbata ko ba kowa a wurin. In makarantar tana da katangar da ke kallon lungu, a fasa ƙofa ta can a rufe ta bakin titi lokacin tashi. Wannan gyaran na buhun siminti kaɗan ne, kuma a ganina ya fi komai saurin biya. In babu hali, a yi ɗan shinge a gaban ƙofar yadda yaro ba zai fito a guje ya zarce titi ba sai ya yi kwana. A riƙa sallamar yara aji-aji, manya biyu su tsaya da riga mai ƙyalli suna tsallakar da su a rukuni.

A nan akwai maganar da iyaye ba sa son ji. Yaron da bai kai shekara goma ba bai iya auna gudun mota ba. Yana ganinta, amma kansa bai gama iya haɗa nisa da gudu ba, ga shi abu kaɗan ke ɗauke masa hankali. Mu kuma sai mu ɗauki 'yar shekara takwas mu danƙa mata ƙannenta biyu mu ce ta kai su. Titi mai faɗin mita 10 yana cin ƙaramin yaro kamar sakan 10 kafin ya ƙetare, motar da ke gudun 60 kuwa tana cin sama da mita 160 a wannan lokacin. Wato motar da za ta same shi, lokacin da ya sa ƙafa tana can nesa 'yar ƙarama. A koya musu duba hagu, duba dama, sake duba hagu, a koya musu tafiya suna fuskantar motoci inda babu hanyar ƙafa, amma kada koyarwar ta sa a janye babba daga wurin.

Rasuwar dattijon bayan magariba ba ta ba ni mamaki ba. Lokacin ne ido ke ruɗewa, rana ta faɗi, duhu bai gama yi ba, wasu sun kunna fitila wasu ba su kunna ba, kowa na sauri, masallatai na cika suna fitarwa. Da hunturu ga hazo, da azumi ga gaggawar shan ruwa. In ƙungiyarku za ta iya sayen fitilar sola ko guda uku ce, ku sa su a wuraren tsallakawa da mahaɗa, kada ku raba su daidai-wa-daida don gudun ɓacin ran wani layi. Ku kuma nemi a hana tifa da tirela bin titin a lokutan shiga da tashin makaranta. In gini ake yi a kusa, mai ginin da direbobinsa sanannu ne, ana iya zama da su.

Yadda za ku kai kuka a saurare ku

Takardar koke mai cewa "ana yawan hatsari a unguwarmu" tana da 'yan'uwa ɗari a kan teburin da za ta sauka. Wadda ake ɗagawa a karanta ita ce mai lamba. Ku auna mita 50 a miƙaƙƙen wuri, ku yi alama a farko da ƙarshe, mutum ya tsaya da agogon waya. Abin hawan da ya cinye tazarar a sakan 6 yana gudun 30. Sakan 3.6 gudun 50 ne. Sakan 3 kuwa 60. Ku auna kamar guda ɗari a lokuta daban-daban, ku rubuta iri da lokaci. Ku ƙirga yaran da ke tsallakawa a rabin awar tashi. Ku zana taswirar titin da hannu, ku sa alama a duk inda aka kaɗe wani, da rana da lokaci da irin abin hawan, har da waɗanda aka sasanta a wurin ba a kai wa hukuma ba, domin su ne mafi yawa kuma babu littafin da suke ciki.

Sannan ku gano mai titin, na tarayya ne, na jiha ne, ko na ƙaramar hukuma, don shi ne mai ba da izini. Ku rubuta wa Ma'aikatar Ayyuka, ku ba KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jihar Kano, kwafi, ku ba ofishin Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato Rod Sefti, ku bi ta hannun mai unguwa da dagaci da kansila, shugaban makarantar da liman su sa hannu. Ku faɗi abin da kuke so ƙarara: tudu kaza a wuri kaza, wurin tsallakawa a ƙofar makaranta. In an ce babu kuɗi, ku ce ku za ku kawo siminti da leburori, su ba ku izini a rubuce da injiniyan da zai tsaya a kan aikin. Na ga wannan tayin ya buɗe ƙofar da takarda goma ba su buɗe ba. Ba zan ce maka za a amsa da wuri ba. Ku karɓi shaidar an karɓi takardarku, ku riƙa komawa. Tunda bara aka yi titin, ku tambaya ko har yanzu yana hannun ɗan kwangila, domin in bai miƙa shi ba gyaran ya fi sauƙi.

Ku kuma shirya wa ranar da ba a fata. Lambar Rod Sefti ta gaggawa 122 ce, ta ƙasa baki ɗaya 112. Ni ba likita ba ne, amma abin da likitoci ke nanatawa shi ne kada a ciccibi wanda aka kaɗe a naɗe shi cikin adaidaita, wuya da gadon baya ake ji wa tsoro. A danne inda jini ke zuba da tsumma mai tsabta, a ɗauke shi a miƙe a kan wani abu mai ƙarfi, a yi asibiti da shi kafin a yi zancen mai ɗori. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa. Ku ja wa matasa kunne kan dukan direba da ƙona mota, domin tsoron wannan ne ke sa direbobi gudu su bar yaro a kwance.

Keken yaronka

Mahaifiyarsa tana da hujja, kada ka yi mata gardama a kan tsoronta. Amma ni ba zan ce ka karɓe keken kwata-kwata ba, domin in ya sauka daga keke a ƙafa zai bi titin nan, ko a rataye a adaidaitar da ta yi lodi fiye da kima. Ɗan shekara 13 ya isa ya koyi hanya. Abin da zan ce shi ne ka jingine keken mako guda, ka yi abu biyu.

Na farko ka kai shi wurin mai gyara. Yawancin kekunan yaranmu birki ɗaya ne ke ci, wasu da silifa ake tsayar da su. A sa robar birki sabuwa gaba da baya, a sa ƙararrawa, a sa farar fitila a gaba da ja a baya, a liƙa sitika mai ƙyalli irin ta bayan tirela a madugadi da feda da jakar makarantarsa. A daidaita sirdi yadda ƙafarsa za ta taɓa ƙasa. In ka samu hular kwano ta keke daidai kansa ka saya, tana kare kai in an faɗi, amma kada ta ruɗe ka, ba ta tare tayar tifa.

Na biyu ka ari keke ka bi shi har makaranta ka dawo, a daidai lokacin da yake tafiya. Ku nemi hanyar lungu ko ta fi nisa da minti goma. Inda dole sai an ƙetare babban titi, ya sauka ya tura. Ya riƙa bin hannun dama tare da motoci, kada ya bi wanwe don yana ganin ya fi ganin abin da ke zuwa, domin direban da ke fitowa daga layi ba ya duba ta wannan ɓangaren. Kada ya manne da bakin kwata, ya bar wa kansa wurin kaucewa, ya kuma ba motar da ke tsaye tazarar buɗe ƙofa. Ya sa a ransa cewa duk adaidaitar da ke gabansa za ta iya yankowa dama ta tsaya ba sigina. Babu goyo, babu abin sauraro a kunne, babu kama bayan mota.

Wanda za ka fi nanata masa shi ne babbar mota. Direban tifa yana zaune a sama ta hagu, akwai fili babba a damansa da dab da gabansa da ba ya gani ko da madubi. In za ta yi kwana kuma, tayoyin baya ba sa bin sawun na gaba, suna yankowa ciki su share duk abin da ke tsakaninta da bakin titi. Kada ya taɓa shiga tsakanin babbar mota da kwata, ko tana tsaye, ko da ya ga fili. Ya tsaya a bayanta ta wuce. In ka samu direban tifa da kuka saba, ka roƙe shi ya ɗora yaron a kujerarsa motar tana kashe, kai kuma ka tsaya da keken a gefen dama kusa da tayar gaba, ka ce ya nemo ka a madubi. In kun dawo, shi da kansa zai ba mahaifiyarsa labarin abin da ya gani, sai ku yanke shawarar keken ku uku.